Yadda Ake Yanke wa Kare Farce a Gida Ba Tare da an Ji Masa Ciwo Ba

Karen da yake yini a daji tare da mafarauta, ko wanda yake bin garke daga safe har yamma, ba kasafai yake buƙatar a taɓa masa farce ba. Tsakuwa da busasshiyar ƙasa suna cinye masa shi. Matsalar tana wajen karnukan gadi na cikin gari, waɗanda ake kullewa a keji ko a ɗaure su a gindin bishiya wuni zubur, sai dare ya yi a sake su su zagaya tsakar gida mai tayil ko yashi. Irin wannan kare farcensa tsiro kawai yake yi, babu abin da ke rage shi. Haka ma tsohon kare da tafiya ta fara yi masa nauyi.

Idan kana son sanin ko lokaci ya yi, tsayar da karen a kan siminti ka durƙusa ka dubi ƙafarsa daga gefe. Farcen da yake daidai ba ya taɓa ƙasa in kare yana tsaye cak. Idan yana taɓawa, ko kana jin ƙas-ƙas-ƙas duk sanda ya wuce a kan tayil, to ya yi tsawo. Kada ka ɗauka maganar kwalliya ce. Dogon farce yana tura yatsa sama a kowane taku, yatsun su baje, nauyin jiki ya koma inda bai kamata ba, a hankali gaɓoɓi su fara ciwo. Yana maƙalewa a ragar keji ya tsage tun daga tushe. In aka bar shi ya daɗe, lanƙwashewa yake yi ya huda tafin ƙafar, ya zama gyambo. Wanda ya ajiye dabba don ta tsare masa gida ya ɗauki amanarta, kuma wannan yana cikin amanar.

Abu ɗaya da dole ka sani kafin ka riƙe almakashi

Farcen kare ba irin namu ba ne da yake shimfiɗe a kan yatsa. Nasa kwasfa ce mai tauri da ta naɗe wata 'yar tsoka mai rai, wadda jini da jijiya suke bi ta cikinta. Tsokar nan tana farawa daga tushe ta miƙe cikin farcen, ta tsaya kafin tsini. Abin da ya wuce ta matacce ne, yanke shi ba ya zafi. In ka shiga cikinta kuwa, kare zai yi ƙara, jini ya zubo, kuma zai daɗe bai manta ba.

Akwai ƙarin bayani mai amfani. Tsokar tana bin tsawon farcen ne. Farce ya yi tsawo, ita ma sai ta ƙara tsawo. In ana rage shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, sai ta riƙa ja da baya. Shi ya sa ba a gyara farcen da aka yi watanni ba a taɓa ba a zama ɗaya, kuma shi ya sa duk abin da zan faɗa a ƙasa yake komawa ga yanka kaɗan, sau da yawa.

Yawancin karnuka farata 18 ne da su: huɗu-huɗu a kowace ƙafa da suke taka ƙasa, sai kuma ɗaya a gefen ciki na kowace ƙafar gaba, can sama kaɗan, wanda ba ya taɓa ƙasa ko kaɗan. Wasu suna da irinsa a ƙafafun baya ma.

Kayan aiki

Almakashin farcen kare. Ana samunsa a shagunan kayan dabbobi da wasu asibitocin dabbobi, kuma iri biyu ne. Akwai mai kama da filaya, bakinsa biyu a lanƙwashe. Shi na fi so, kuma shi nake ba mai koyo shawara ya saya, domin yana iya farcen manyan karnuka irin su Rottweiler da Boerboel da Alseshan. Akwai kuma mai 'yar kafa da ake zura farcen a ciki, ƙarfe ya taso ya datse shi. Wannan ya fi dacewa da ƙananan karnuka masu siririn farce. Ko wanne ka saya, ya kasance mai kaifi. Dakusasshen almakashi matse farce yake yi kafin ya yanke, matsin nan kuwa yana kaiwa ga tsokar ciki, sai ka ga kare yana fizge ƙafa alhali ba ka kusanci jini ba.

Magagari ko sanfefa, don goge bakin farcen bayan an yanke.

Abin tsayar da jini. Akwai hoda ta musamman da ake sayarwa don wannan. In ba ka samu ba, garin masara mai laushi ko fulawa sun wadatar. Sandar sabulu busasshiya ma tana aiki, haka kuma dakakken alif. Zuba shi a murfin kwalba ka ajiye kusa da hannunka tun kafin ka fara. Ba lokacin da jini ke ɗiga ake shiga kicin neman fulawa ba.

Auduga, tsumma mai tsabta, da sifirit na goge almakashi. Tocila, ko fitilar wayarka. Tabarma ko tsohon buhu da karen zai taka, don kada santsin tayil ya ƙara masa fargaba. Takunkumi, idan karen babba ne ko ba ka gama sanin halinsa ba.

Sai lada. Dafaffiyar hanta ko tsokar kaza da aka yayyanka ƙanana, ba gishiri ba yaji. Kada ka ba shi tsire ko kilishi. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, barkono kuma yana ɓata masa ciki.

Na ƙarshe shi ne mataimaki, mutumin da karen ya sani ya kuma yarda da shi, galibi wanda yake ba shi abinci. Kada ka sa yaro wannan aikin, kuma kada yara su zagaye ku suna kallo.

Abubuwan da ba a yanke farcen kare da su: reza, wuƙa, almakashin tela, da filayar yanke waya. Reza da wuƙa suna zamewa su yanki tafin ƙafa ko yatsanka. Almakashin tela da filaya kuwa tsaga farcen suke yi a tsaye, tsagar ta bi har cikin tsoka.

Maganar rigakafi

Hannunka da fuskarka za su kasance dab da bakin kare, saboda haka ka tabbata an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare kuma ba ta ƙare ba. Ana fara yi wa kwikwiyo ita yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara, a nan ƙasar galibi duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana cikin masu haɗa wannan allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare. Karen da ba ka san tarihinsa ba, ko wanda halinsa ya sauya kwatsam, ba naka ba ne ka kama wa ƙafa. In kuma tsautsayi ya sa aka cije ka ko aka yakushe ka har fata ta fashe, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar.

Matakan aikin

1. Saba masa da taɓa ƙafa, kwanaki kafin yanka

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne rabin aikin. Kare ba ya son a riƙe masa ƙafa, haka halittarsa take. Idan ranar farko da ka kama masa dagi ita ce ranar da ka zo da ƙarfe a hannu, kokawa za ku yi.

Ka fara da yamma bayan ya huta. Shafa kafaɗarsa, ka gangaro da hannu zuwa gwiwa, zuwa dagi, ka saki, ka ba shi hanta. Washegari ka riƙe dagin daƙiƙa biyu ko uku. Rana ta gaba ka ɗan matsa yatsa ɗaya har farcen ya fito sosai. Daga nan ka kawo almakashin ya shinshina, ka ba shi lada. Ka datse tsinken tsintsiya da shi kusa da karen don ya saba da ƙarar. Ka taɓa farcensa da ƙarfen ba tare da ka yanke ba. Wani karen kwana uku ya ishe shi, wani sai ya yi mako biyu, musamman wanda aka taɓa ji wa ciwo. Bi shi a yadda yake, sannu ba ta hana zuwa.

Mai kwikwiyo ya yi sa'a. Fara taɓa masa ƙafa tun yana ƙarami, ka riƙa ɗan cire tsinin da abin yanke farce irin namu na mutane, wanda yake isa ga farcen kwikwiyo. Karen da ya tashi a haka zai miƙo maka ƙafa da kansa in ya girma.

2. Zaɓi lokaci da wuri

Da safe ko da la'asar, a inuwa mai haske sosai. Kada ka yi da tsakar rana lokacin bazara, kare yana haki, ransa a ɓace. Ya fi kyau a ce ya ɗan yi yawo ya gaji, kuma bai ci abinci ya ƙoshi ba, don hantar ta yi masa daraja. In ka yi masa wanka kafin nan, farcen zai ɗan yi laushi, wanda yake taimakawa ƙwarai da hunturu sanda farce ke bushewa yana saurin tsagewa. Rufe ƙofar gida, ka kawar da kaji da sauran karnuka.

3. Riƙe shi yadda ya kamata

Ƙaramin kare a kan cinyar mataimaki ko a kan tebur da aka shimfiɗa wa buhu. Babba kuwa a ƙasa, ko a tsaye ko a kwance ta gefe, duk wanda ya fi sakin jiki da shi. In a tsaye ne, mataimaki ya sa hannu ɗaya ta ƙarƙashin wuyansa ya jawo kansa jikin ƙirjinsa, ɗaya hannun ya zagaya ta ƙarƙashin ciki. Riƙo ne na hana juyawa, ba shaƙewa ba. Kada a danne shi da gwiwa, kada a taru mutum uku a kansa. Da ƙarfi za ku iya gama farata 18 yau, amma wata mai zuwa ko almakashin ya hango sai ya shige ƙarƙashin mota.

Idan babu takunkumi na saye, ana iya yi da bandeji mai tsawo: a yi zarge a sa a hancinsa da bakinsa, a ƙulla ta ƙasan haɓa, a zagaya da bakin biyu a ɗaure a bayan kunnuwa. Amma na 'yan mintoci ne kawai, domin da haki kare yake fitar da zafin jikinsa. Ba a yi wa karnuka masu gajeren hanci wannan, kuma ba a barin kare shi kaɗai da baki a ɗaure.

4. Duba ƙafar kafin ka yanke

Buɗe tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Nan kaska take ɓuya, nan ƙarangiya da ƙaya suke maƙalewa. Duba tafin ko ya tsage ko kwalta mai zafi ta ƙona shi. Idan yatsa ya kumbura, ko tushen farce ya yi ja yana fitar da ruwa ko wari, bar wannan ƙafar. Mai yawan gashi a ƙafa, ka tura gashin baya ko ka rage shi don ka ga abin da kake yi.

5. Nemo inda tsokar ta tsaya

Riƙe dagin a tafin hannunka, babban yatsanka a ƙarƙashin yatsan karen, manuniyarka a sama. Ɗan matsa kaɗan, farcen zai miƙo.

Farin farce da sauƙi. In ka dube shi daga gefe za ka ga ja-ja a ciki tun daga tushe, sai wajen tsini ya koma fari. Ja-jan nan ita ce tsokar. Haska tocila ta bayan farcen za ta fito maka sarai. Ka bar kamar milimita 2 tsakaninta da inda za ka yanke, wato kusan kaurin ƙwayar gero.

Baƙin farce shi ne ke ba mutane tsoro, domin ba a ganin komai daga waje. Juya dagin ka dubi ƙasan farcen. Wajen tsini za ka ga yana da ɗan kwari, kamar an ƙwaƙule cikinsa, sai can kusa da tushe ya cike ya yi kauri. Sashen mai kwarin nan shi ne mataccen. Daga inda ya fara cikewa, tsokar tana kusa. Karnukanmu na gida sau da yawa suna da farare da baƙaƙe a ƙafa ɗaya. In haka ne, fara da fararen, tsawon da ka bari a kansu zai nuna maka kimanin inda za ka tsaya a baƙaƙen.

6. Yanka

Ga wanda bai saba ba, na fi son a fara da ƙafafun baya. Yawancin karnuka sun fi haƙuri da su, kuma ba sa kallon abin da ake yi. Ɗaga ƙafar ka lanƙwasa ta baya yadda gwiwa take lanƙwasuwa da kanta, tafin yana kallon sama. Kada ka ja ta gefe, yana yi wa ƙugu ciwo, musamman tsohon kare. Ka tuna faratan baya sun fi na gaba gajarta domin da su yake tunkuɗa ƙasa, wani lokaci tsini kawai za ka cire.

Sa almakashin yadda bakinsa zai kama farcen daga sama da ƙasa, ba daga gefe da gefe ba, a ɗan karkace ta yadda bakin farcen da ya rage zai yi daidai da ƙasa in kare ya taka. Ka tabbata tafin yatsa ba ya cikin bakin ƙarfen. Sannan ka datse gaba ɗaya, da sauri. Matsawa a hankali cikin ɗari-ɗari ita ce ke sa zafi.

A baƙin farce, yanka na farko tsinin kawai ne. Bayan kowane yanka, tsaya ka dubi fuskar wurin da ka yanke. Da farko za ka ga fari-fari ko toka-toka, a bushe, yana ɗan gari. Wannan lafiya ne, ƙara ɓantare siriri, milimita 1 ko 2. Sake dubawa. Za a kai inda wani ɗigo mai duhu zai bayyana a tsakiyar farin, ɗan sheƙi gare shi, in ka taɓa da farcenka za ka ji ya fi gefensa laushi. Tsaya nan. Yanka ɗaya bayan wannan ɗigon, jini ne. A farin farce, alamar ita ce tsakiyar ta fara komawa ruwan hoda.

Mai koyo yakan ga farcen bai gajarce yadda yake so ba, sai ya ce bari ya ƙara ɗan kaɗan. A wannan ƙarin ne kusan kowa yake jawo jini. In kana kokwanto, bar shi. Mako mai zuwa yana nan.

Bayan kowane farce, hanta ɗaya da kalma mai daɗi. Yi masa magana da muryar da ka saba, domin in kai kanka a tsorace kake yana ji a riƙonka.

7. Karanta jikinsa

Kare yana faɗa maka ya gaji tun kafin ya yi gurnani. Zai riƙa lasar leɓe, yana hamma ba barci ba, yana kawar da kai har ka ga farin idonsa, kunnuwa a kwance, jela a tsakanin ƙafafu. In jikinsa ya sandare ya daina motsi gaba ɗaya, saki ƙafar nan take, wannan shirun ne yake zuwa kafin cizo. Kuma in ya yi gurnani kada ka doke shi. Gargaɗi ya yi maka. Karen da aka hana gurnani da duka, gobe cizo zai kai ba sanarwa.

Babu dokar da ta ce sai an gama a rana ɗaya. Ƙafa ɗaya yau, ɗaya gobe. Ga mai tsananin tsoro ma farce ɗaya a rana ya isa. Abin da nake nema shi ne a tashi karen bai tsani zaman ba.

8. Farcen gefe

Kada ka tashi ba ka duba shi ba. Tunda ba ya taɓa ƙasa, babu abin da ke cinye shi, ko da a jikin karen farauta ne. Shi ne ya fi saurin zagayowa ya shige fata, kuma a jikin mai gashi sai ya yi watanni ba wanda ya lura. Shafa gefen ciki na duka ƙafafun huɗu da yatsa. In ka same shi, ɗan janye shi daga jikin ƙafar kafin ka sa almakashi. In ya lanƙwashe sosai, mai kama da filaya ne kawai zai shiga.

9. Goge baki

Sabon yankan farce kaifi gare shi, yana yakushin mutum ya kuma maƙale a tsumma. Bi kowanne da magagari ko sanfefa sau uku ko huɗu, daga sama zuwa ƙasa, ta fuska ɗaya. Ka goge almakashin da sifirit, ka busar da shi don kada ya yi tsatsa, ka wanke hannunka da sabulu.

Idan jini ya fito

Yana faruwa har ga waɗanda suka ƙware, kuma jinin yakan fi raunin yawa a ido. Kada ka saki ƙafar, kada ka yi ihu. Ɗebo hodar ko garin masarar da yatsa ka danna a bakin farcen, ka riƙe da ɗan ƙarfi minti biyu cur ba tare da ɗagawa kana leƙawa ba. Kowace leƙawa tana ɓare abin da ya fara daskarewa. In sabulu ne, ka soka farcen a cikinsa har ya toshe bakin. Hodar saye da alif suna da ɗan raɗaɗi, zai fizga, ka riƙe. In bai tsaya ba, sake sa gari ka danna da auduga minti biyar.

Bayan ya tsaya, a bar aikin na ranar. Ka sa shi ya kwanta wuri mai tsabta kamar rabin awa, kada ya yi gudu ko tona ƙasa, kuma ka hana shi lasa. Kwana biyu ka riƙa dubawa. Kada ka sa toka, ƙasa, kalanzir ko baƙin mai.

Jinin da ya wuce minti 20 yana zuba duk da dannawa, na likita ne. Yana iya nuna cewa jinin karen ba ya daskarewa, kuma dalilin yana iya zama ya ci maganin ɓera, ko ya ci ɓeran da ya ci maganin, ko kuma ciwon da kaska ke sawa wanda ke rage ƙwayoyin da suke daskarar da jini. Karnukan Doberman kuma an san su da wata cutar gado ta rashin daskarewar jini, sai mai irinsu ya ƙara kula.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa: kada a ba kare maganin ciwo na mutane. Ibuprofen da diclofenac suna huda masa ciki su lalata ƙoda, farasitamol kuma yana iya taɓa hanta. Haka maganin barci ko na tari da wasu ke ɗura wa kare wai don ya kwanta a yi masa yanka. Idan har sai an kwantar da shi, likitan dabbobi ne zai auna nauyinsa ya ba shi abin da ya dace.

Idan babu almakashi, ko karen ya ƙi shi sam

Magagari kaɗai yana iya aikin, sai dai ya ɗauki lokaci. Minti biyu a kowace ƙafa, sau biyu a mako, kuma da wuya ka kai ga jini da shi. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da take goge farce, ga wanda ya samu. Sai an saba wa kare da ƙararta tukuna, kuma ba a barin ta a kan farce fiye da daƙiƙa biyu ko uku a jere domin tana zafi. A kula kada ta naɗe gashi.

Wata dabara mai arha: samu katako mai faɗin taki ɗaya da tsawon kamu biyu, ka manne masa sanfefa mai lamba 80. Jingina shi a gwiwarka, ka ɓoye hanta a sama ƙarƙashin tsumma, karen zai kai dagi yana karta. Duk kartawa, lada. Cikin 'yan kwanaki zai gane, ya riƙa goge faratan gaba da kansa. Ka riƙa dubawa don kada ya wuce gona da iri ko ya goge tafinsa. Wannan ba ya taɓa farcen gefe, shi dole sai da hannu.

Tafiya a kan kwalta ko siminti kullum tana rage yawan yankan da za a yi. A yi ta da sassafe ko bayan magariba. Ɗora bayan hannunka a kan kwaltar, in ba za ka iya barinsa daƙiƙa biyar ba, ƙafar kare ma ba za ta iya ba.

Farcen da aka daɗe ba a yanke ba

Nan ne ake buƙatar haƙuri. Tsokar ta riga ta biyo farcen har kusa da tsini, saboda haka abin da za ka iya cirewa ranar farko kaɗan ne, ko da farcen ya kai rabin yatsanka. Cire tsinin har ka ga ɗigon nan, ka tsaya. Bayan mako ɗaya ka sake. Haka za ka yi ta yi, tsokar tana ja da baya, har farcen ya daina taɓa ƙasa. Yakan ɗauki wata biyu ko fiye. Daga nan sai ka koma yanka duk mako 3 zuwa 4, gwargwadon yadda karen yake yawo. Sa rana a wayarka, domin ido yana sabawa da tsawon farce har ya daina gani.

Akwai faratan da ba a taɓawa a gida: wanda ya riga ya shige cikin tafi, wanda ya tsage har tushe yana lilo, wanda yake fitar da mugunya, da kuma in ka ga farata da yawa suna ruɓewa ko suna faɗuwa da kansu. Haka karen da yake kai cizo da gaske ko da takunkumi a bakinsa. Waɗannan a kai su asibitin dabbobi na jiha, ko na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ga wanda yake kusa. In ka je, tafi da almakashinka, ka roƙi likitan ya yanke ƙafa ɗaya kana kallo, sannan ka yi ta biyu a gabansa ya gyara maka riƙo.